Sauya Kamshaf a Injin Twin Cam: Yadda Ake Zaɓen Sifesa da Daidaita Sifiroket

Wanda ya koyi kanikanci a kan Boxer da ire-irenta, ranar da ya fara buɗe murfin kam (wato kamshaf, sandar da ke buɗe bawul) na babur ɗin Harley-Davidson zai ci karo da abin da bai saba gani ba. A ƙaramin babur, sifiroket ɗin kam wurin zamansa ɗaya ne: ka ɗora, ka ɗaure, ka duba makin taimin, ka rufe. A injin Twin Cam kuwa, bayan babban sifiroket akwai wata washa mai kauri da ake kira sifesa, kuma ba iri ɗaya ce ga kowane inji ba. Kowacce da kaurinta, kai ne za ka auna ka zaɓi wadda ta dace. Da yawa sukan mayar da tsohuwar da suka ciro, suna cewa ai da ita injin ya zo. Gaskiya ne da ita ya zo, amma an zaɓe ta ne don tsohon kam. Sabon kam kuwa ba ta san shi ba.

Twin Cam ya fito a 1999, kamfanin da ke Milwaukee a Amurka ya ci gaba da ƙera shi har 2017. Sunan ya samo asali ne daga kam biyu da ke gefen dama na injin, ɗaya na silindar gaba, ɗaya na ta baya. Sarƙa biyu ke juya su. Ta waje tana tasowa daga ƙaramin sifiroket mai haƙora 17 da ke bakin karanshaf, ta hau babban sifiroket mai haƙora 34 da ke bakin kam ɗin baya. Ta ciki kuma tana bayan farantin kam, wato farantin da ke riƙe kam biyun, ita ke haɗa kam ɗin baya da na gaba. Duk maganar sifesa a kan sarƙar waje take. Ƙaramin sifiroket ba ya matsawa, inda karanshaf ya ajiye shi nan yake. Babban ne kaɗai za ka iya turowa waje ko ka mayar ciki, kuma sifesa ce ke yin wannan aikin.

Iyakar da littafin kamfani ya bayar ita ce inci 0.010, wato kusan milimita 0.25. Bambancin tudun fuskar sifiroket biyun kada ya wuce haka. In kana son ka ji kaurin a hannu, haɗa takardar firinta biyu da rabi. Ƙanƙanin abu ne, amma tazarar da ke tsakanin sifiroket biyun gajeruwa ce ƙwarai, sarƙar ba ta da filin da za ta lanƙwasa ta shanye karkacewar. Da zarar sun saɓa, gefen sarƙar zai riƙa goga da gefen haƙora, takalmin tenshina, wato abin da ke danne sarƙa don kada ta saki, ya ci ta ɓangare ɗaya, kuma ɓurɓushin da ke zuba yana gangarawa ne inda famfon mai yake, can bayan farantin.

Fara sanin injin da ke gabanka

Kafin ka yi odar komai, tantance zubin. Daga 1999 zuwa 2006 injin yana da tenshina mai sifirin da sarƙa mai faɗi, kuma kam ɗin suna zaune cikin boris a jikin faranti, sai da firas ake cire su. Sifesarsu masu kauri ne. A kam masu tsage-tsage a baki suna farawa daga inci 0.287 suna hawa da 0.010 a kowane mataki. Samfurin Harley mai suna Dyna na 2006 ne ya fara zuwa da sabon zubi, daga 2007 kuma sauran suka bi: tenshina mai aiki da ƙarfin mai, sarƙa irin ta keke, kam kuma suna juyawa kai tsaye cikin alminiyon farantin ba tare da boris na waje ba. Sifesar wannan zubi guda shida ce: 0.100, 0.110, 0.120, 0.130, 0.140 da 0.150. A kan wannan sabon zubin zan yi bayani, amma hanyar awon ɗaya ce a duka biyun.

Shawarata, sayi duka shidan lokaci guda. Kayan nan daga waje ake yo odarsu, kuma babu takaicin da ya kai ka buɗe inji, ka auna, ka ga kana buƙatar 0.130, alhali 0.110 kawai gare ka, babur ya zauna a gareji yana shan ƙura sai kaya sun iso. A irin wannan ranar ce shaiɗan ke raɗa wa mutum ya lallaɓa ya rufe da abin da ke hannu.

Kayan aikin da ba makawa: rular ƙarfe mai kauri wadda ka tabbatar miƙaƙƙiya ce, filageji (siraran ganyen ƙarfe na auna rata) mai awon inci, maikuromita ko baniya mai kyau, sifanar awon ɗauri guda biyu, babba da ƙarama, da ɗan ƙarfen nan da ake sakawa tsakanin haƙoran sifiroket biyu ya kulle su. Sai jan Loctite mai lamba 262, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa, da sababbin noti biyu na sifiroket, da oring da gaskit. Ka tanadi wata ƙaramar washa ta gama-gari wadda faɗinta bai kai na washar notin karanshaf ba. Za ka ga amfaninta a gaba.

Gwada rularka tun kafin ka fara. Ɗora gefenta a kan gilashi mai kauri, ka haska tocila ta baya. In haske na leƙowa ta tsakiya, wannan rular ta tela ce, ba ta wannan aiki ba.

Buɗewa

Wannan ɓangaren ba zan daɗe a kansa ba, duk wanda ya kai ga tunanin sauya kam ya san yawancinsa. Cire kan batir na nagatif. Ɗaga tayar baya, cire fulogi biyu, sa babur a giyar ƙarshe don ka riƙa juya injin da taya. Salansa da abin tace iska su sauka. Fushrod kuma, sandunan da ke kai turin kam zuwa bawul, hanya biyu ce: ko ka sauke tanki ka buɗe kan silinda ka zaro na asali, ko ka datse su da babban almakashin ƙarfe ka maye gurbinsu da masu ajasta. In datsewa za ka yi, ka tabbatar bawul ɗin wannan silinda a rufe suke, fushrod na juyawa da yatsa ba nauyi a kansa, ka kuma toshe ramukan da tsumma. Ɗaga tafet huɗun da ke zaune tsakanin kam da fushrod, ka riƙe su da maganaɗisu ko waya don kada su faɗo cikin inji.

Murfin kam noti goma ne. Kana buɗewa, ka ɗiga fenti a kan ɗaya daga gaɓoɓin sarƙar waje, don ta koma da fuskar da ta saba gudu da ita. Cire tenshinar waje, sa abin kullewa, kwance notin biyu, zaro sifiroket da sarƙa tare. Sifesa za ta rage a bakin kam. Ciro ta, goge, auna da maikuromita, ka rubuta lambar a takarda. Notin famfon mai huɗu, na faranti shida, sai farantin ya fito da kam biyun a jikinsa.

Tun da ka zo nan, abu biyu ne bai kamata ka tsallake ba. Na farko boris ɗin ciki, waɗanda ƙarshen kam ke shiga a jikin injin. Masu wannan aiki kan maye su da masu cikakkun allurai, B-168 a sabon zubi, B-148 a tsohon, kuma da abin cirewarsu na musamman ake yi, ba da guduma da sukundireba ba. Na biyu, ɗora agogon awo a bakin karanshaf ka juya ka ga yawan rawar da yake yi. Masu sayar da kam mai giya maimakon sarƙa suna son kada ta wuce inci 0.003. Sarƙa ta fi giya haƙuri, amma sanin wannan lambar zai taimake ka ka fahimci abin da filageji zai gaya maka an jima.

Harhaɗa faranti

Jera sababbin kam biyu cikin sarƙar ciki, ɗigon da ke jikin haƙoransu na kallon juna. Shafa musu mai sosai, zura su cikin faranti, ka sake duba ɗigon da rula bayan sun shiga, domin haƙori ɗaya na iya tsallakewa ba ka lura ba. Kam ɗin gaba shi ma yana da tasa washar, amma ita ba zaɓe a kanta: kullum 0.100 ce, sai zoben ƙarfe mai kullewa ya biyo baya, kaifin gefensa na kallon waje. Kada ka rikita ta da sifesar baya. Ɗaura tenshinar ciki.

Sa sababbin oring, mayar da famfon mai, tura faranti ya zauna daram. Notin faranti shida ana ɗaure su bi da bi kamar yadda littafi ya jera. Na famfon mai kuwa, kana juya injin kana matse su sannu a hankali don famfon ya nemo tsakiyarsa da kansa. Ɗaurinsu bai wuce inci-fam 90 zuwa 120 ba, wajen Nm 10 zuwa 13 ke nan. Ka lura, inci-fam na ce, ba ƙafa-fam ba. Ƙafa-fam ɗaya inci-fam goma sha biyu ne, kuma wanda ya rikita su zaren alminiyon zai biyo notinsa.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne: ba a awon sifesa sai faranti ya gama zama a ɗaure. In notinsa a kwance suke, farantin na iya tasowa da 'yan kashi cikin dubu na inci, duk abin da ka auna ƙarya ne.

Awon kansa

Ajiye sarƙa gefe. Ba da ita ake awo ba, domin tana rufe gefen haƙora, kuma tana jan sifiroket biyun su bi juna, ta ɓoye maka laifin da kake nema.

Zura tsohuwar sifesa a bakin kam ɗin baya, rubutun da ke jikinta na kallon faranti. Ɗora babban sifiroket. Tsage-tsagen bakin kam suna da guda ɗaya da ya bambanta, don haka hanya ɗaya kawai yake shiga. Sa tsohon dogon noti da washarsa mai kauri. Ƙaramin sifiroket shi ma ya hau karanshaf, akwai shafaffen gefe da ke nuna masa wurin zama. A nan ne ƙaramar washar nan ke shigowa: sa ta a madadin washar asali. Ta asalin tana da faɗi, tana cinye fuskar sifiroket ɗin, rula ba ta samun wurin kwanciya sai ta hau kanta. Yi amfani da tsofaffin noti wajen awon nan, sababbin ka adana su don ɗaurin ƙarshe.

Sa abin kullewa, ɗaure noti biyun zuwa ƙafa-fam 15, wato Nm 20. Kada ka tsaya a ɗaurin yatsa. Sifiroket da ba a matse ba yana iya tsayawa bai kai ƙarshen wurinsa ba. Cire abin kullewa.

Yanzu abin da ya fi rikita mutane. Kam ɗin baya yana da ɗan wasa ciki da waje. Kama babban sifiroket ka ja ka tura, za ka ji ƙas-ƙas kaɗan. Wannan wasan dole ne, shi ke ba mai hanya, kuma kaurin sifesa ba ya ƙara shi ba ya rage shi. Sifesa tana matse ne tsakanin kafaɗar kam da sifiroket, abin da take sauyawa kawai shi ne nisan sifiroket daga faranti. Amma wasan na iya ɓata maka awo in ba ka kula ba: ka auna sau ɗaya kam na waje, ka sake aunawa yana ciki, ka samu lamba biyu daban. Ƙa'idar littafi ita ce ka tura duka biyun ciki, kam da karanshaf, su dangana, sannan ka auna. Kowane awo, ka sake turawa kafin ka ɗora rula.

Karanshaf ma yana da nasa labarin. Daga 2003 aka sauya boris ɗin gefen hagu daga mai tsini biyu zuwa miƙaƙƙe, kuma abin da ke jan karanshaf ya tsayar da shi wurinsa shi ne babban notin sifiroket ɗin da ke ɓangaren kuloci. In ka buɗe wancan gefen a lokaci guda, wataƙila kana gyaran kuloci ko sitato, ka mayar da shi ka ɗaure kafin awon nan. In ba haka ba, karanshaf yana yawo, kana auna abin da ba ya tsaye.

Ɗora gefen rula a kan fuskokin sifiroket biyun, kusa da haƙora, ba a kan tudun tsakiya ko kan noti ba. Ɗauki filageji na 0.010 ka gwada zura shi tsakanin rula da fuskar babban, sannan tsakanin rula da fuskar ƙaramin. In ya ƙi shiga ko'ina, kana cikin iyaka. In ya shige ƙarƙashin rula a wajen babban sifiroket, babban ya nutse, sifesa mai kauri yake so. In a wajen ƙaramin ya shige, babban ya yi tsayi, sai ka rage.

Wannan shi ne gwajin littafi, kuma ya isa ya ce maka e ko a'a. Ni dai ba na tsayawa nan, lambar nake so. Ga matsalar: rula tana son kwanciya a kan fuskar da ta fi tudu. In babban ne ya fi tudu, ba wahala, fuskarsa da faɗi, ka danne da yatsa biyu ta zauna daram. In ƙaramin ne ya fi tudu, wurin zaman rular bai fi faɗin yatsa ba, ɗan karkatar da ba za ka gani da ido ba sai ya zama babba a can ƙarshen rular. Za ka auna sau uku ka samu amsa uku.

Dabarar da nake bi ita ce in fara da sifesa mafi kauri, 0.150, da gangan. Ta haka kusan kullum babban sifiroket ne ke saman, rula ta kwanta a faffaɗar fuska, ratar kuma ta koma wajen ƙaramin inda zan auna ta hankali kwance. Sai in riƙa haɗa ganyen filageji har in samu wanda ke shiga da ɗan ja, ba ya ɗaga rula, ba ya kuma lilo. A ce na samu 0.032. Sai in cire daga 0.150, saura 0.118. Ba a ƙera 0.118, amma 0.120 na nan, bambancin 0.002 kacal. An gama zaɓe, ba canki-canka.

In da tsohuwar sifesa ka fara, lissafin ɗaya ne, juyawa kawai yake. A ce 0.110 ce a ciki, ka ga babban ya nutse da 0.024. Abin da ake nema 0.134. Kana da 0.130, wadda za ta bar shi ƙasa da 0.004, da 0.140, wadda za ta ɗaga shi sama da 0.006. Duka biyun suna cikin iyaka. Ɗauki mafi kusa, 0.130. Tun da tazarar da ke tsakanin kowace sifesa da mai bi mata 0.010 ce, in dai injin lafiyarsa ƙalau, ba dalilin da zai sa ka rufe da bambancin da ya wuce 0.005. Wanda ya tsaya a 0.009 yana cewa ai bai kai iyaka ba, ƙyuya ce kawai ta hana shi kwance noti ɗaya.

Bayan ka zaɓa, sa ta, ɗaure 15, tura ciki, sake aunawa. Lissafi na iya yin daidai amma ka ɗauko sifesar da ba ita ba, don a ido 0.120 da 0.130 duk ɗaya suke. Shi ya sa maikuromita ke kusa da hannuna, ba na dogara da rubutun jiki ko ledar da suka zo ciki.

Sannan kada ka auna a wuri ɗaya. Tun da fushrod ba sa ciki, bawul duk a rufe suke, kana iya juya karanshaf da kam yadda kake so ba abin da zai bugi wani. Juya kowanne kwata, auna, sake juyawa, auna. In lambar na motsi da 0.001 ko 0.002, wannan ba komai. In kuwa tana tsalle daga 0.002 zuwa 0.012, to ba sifesa ce matsalarka ba. Ko dai akwai datti ko busasshen Loctite bayan sifiroket, ko sifiroket ɗin ya lanƙwashe, ko karanshaf na rawa, wanda awon da ka yi ɗazu zai tabbatar maka. Haka ma in lissafi ya nuna kana buƙatar abin da ya gaza 0.100 ko ya zarce 0.150: koma baya ka duba zaman faranti, oring ɗin da ya maƙale, ko an aiko maka kam na wani zubi. Kada ka haɗa washa biyu, kada kuma ka kai sifesa wajen mai dutsen wasa. Fuskokinta biyu dole su zama daidai da juna, hannu ba ya ba da wannan.

Na taɓa cin karo da wannan a kan wata Harley Road King ta 2009. Mai ita ya kawo sabon kam, na auna da tsohuwar sifesa na ga filageji na shigewa wajen babban sifiroket har da lilo. Na sa 0.140, bai isa ba. Na sa 0.150, har yanzu akwai rata. Na fara zargin kam ɗin, har na ɗauko waya zan kira mai babur in ce masa an yi masa kuskuren oda. Yaron da ke riƙe min tocila ya sunkuya ya leƙa ta ƙasa, ya ce, "Oga, ka yi haƙuri, kamar rular nan ba ta taɓa haƙoran ba, a kan washa take." Na karɓi tocilar na duba. Gefen rular ya hau bakin washar asali, wadda na manta ban sauya da ƙarama ba, haske na wucewa tsakaninta da fuskar sifiroket. Na ce masa, "Ɗauko min ƙaramar washar can cikin gwangwani." Da muka sake awo, 0.120 ce ta zauna. Tun ranar, tocila ta baya ta zama cikin kayan awona: kafin filageji ya shiga, sai na ga da idona cewa rula ta kwanta a inda nake zato.

Ɗaurin ƙarshe

Kwance noti biyun, cire ƙaramar washar ka jefa ta cikin gwangwaninta nan take, don kada ta bi ka cikin inji. Sifesar da ka zaɓa ta zauna a bakin kam. Wanke ramin zaren karanshaf da na kam da abin wanke birki, busa iska. Loctite ba ya kama mai.

Shimfiɗa sarƙa a benci, fentin da ka ɗiga na kallon sama, sa sifiroket biyun ciki ɗigonsu na fuskantar juna. Juya karanshaf har shafaffen gefensa ya dace da ƙaramin sifiroket, juya kam har tsagensa ya dace da babban, sannan ka zura su tare. In sun ƙi, kada ka buga. Motsa tayar baya kaɗan-kaɗan har su shige da kansu. Ɗora rula a kan ɗigon biyu, ta ratsa tsakiyar karanshaf da tsakiyar kam. Ɗigo biyu da tsakiya biyu, duka a layi ɗaya. Haƙori ɗaya na kuskure a ido yana kama da daidai, musamman in kana kallo daga tsaye. Durƙusa ka kalla kai tsaye.

Sababbin noti, jan Loctite a zare, ɗan mai a ƙarƙashin kai da jikin washa. Dogon noti da washa mai kauri na kam ne, gajeren na karanshaf. Sa abin kullewa. Ɗaure duka zuwa ƙafa-fam 15, sannan ka kwance kowanne zagaye ɗaya cif, sannan ɗaurin gaske: na karanshaf ƙafa-fam 24, kusan Nm 33, na kam ƙafa-fam 34, wato Nm 46. Ɗaurin farkon nan da kwancewar ba ɓata lokaci ba ne, shi ke zaunar da sifiroket da sifesa kafin a matse su. Kuma kada ka ce za ka kulle haƙoran da sukundireba don ba ka da abin kullewa. Haƙori ɗaya ya ɓantare, aikin ya koma farko.

Cire abin kullewa, ɗaura tenshinar waje. Juya injin da taya zagaye biyu cikakku, ɗigon su sake haɗuwa. Kana juyawa, ka sa ido a kan sarƙar inda take hawa babban sifiroket. Haƙori ya shiga tsakiyar gaɓa ba tare da ya goga gefe ba, sarƙar kuma ta bi tsakiyar takalmin tenshina. In takalmin tsoho ne ka mayar, duba ko sarƙar ta koma cikin tsohon sawunta. Ni dai tun da na buɗe, sabo nake sawa.

Sauke tafet, sa fushrod. Masu ajasta ana miƙa su ne har wasa ya ƙare, sannan a ƙara abin da zai nutsa cikin tafet kimanin inci 0.100, yawan zagayen ya danganta da zaren, mai zare 24 a inci wajen zagaye biyu da rabi, mai 32 uku da ɗan ɗori, takardar da ta zo da su za ta faɗa. Yi silinda ɗaya, ka jira minti goma zuwa sha biyar har fushrod su riƙa juyawa da yatsa, kafin ka motsa injin zuwa ɗaya silindar. Gaggawa a nan ita ke haɗa bawul da fistin.

Sabon gaskit, murfi, salansa, fulogi, batir. In ka tayar, tafet za su yi 'yar ƙara na ɗan lokaci kafin mai ya cika su, amma fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙoƙi kaɗan. In ta ƙi, kashe. Sabon kam yana sauya yadda injin ke shaƙar iska, don haka a masu injekta sai an sake saita kwamfutar man kafin a fara dogon gudu.

Mai Milwaukee-Eight, injin da ya gaji Twin Cam daga 2017, kam ɗinsa ɗaya ne, amma shi ma akwai sifesa bayan sifiroket kuma da rula da filageji ake zaɓenta. Lambobin ɗauri da iyaka ya ɗauko daga littafin shekararsa.

A littafin gareji ina rubuta abu huɗu ga kowane babur: kam ɗin da aka sa, sifesar da aka ciro, wadda aka mayar, da ratar da ta rage tare da gefen da take. Sauran sifesa biyar ɗin kuma na zura su a waya ɗaya, daga siririya zuwa mai kauri, na rataye a ƙusar da ke saman benci.